Umma na jinyar zuciya, ƙanena kuma na son a tado maganar kisan Yaya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, malamar firamare, ina da 'ya'ya uku. A 2012 aka kashe yayanmu, ɗan farin Umma. Acaɓa yake yi. Ya fita bayan magariba bai dawo ba, da safe aka tsinci gawarsa a bayan gari da sara a ka, babur ɗin kuma babu shi. An kama mutum biyu, aka sake su ba a kai su kotu ba, daga nan magana ta bi ruwa. Ya bar mata da yaro a goye. Yaron yanzu yana sakandare, uwarsa ta yi wani auren.

A inda aka tsinci gawar, Baffanmu ya ɗauko wata hula da ba ta Yaya ba. Umma ta haɗa ta da rigar da aka kashe shi a ciki, ta ƙulle a leda ta sa a ƙasan akwatinta. Suna nan har yau.

Umma ta daɗe da hawan jini, yanzu likita ya ce zuciyarta ta yi rauni ta kumbura. Sau biyu aka kwantar da ita a bana. Ƙafafunta na kumbura, ba ta iya barci sai a jingine. Na ɗauko ta ta dawo gidana, ni ke jinyarta.

Kwanakin baya tsohuwar matar wani abokin Yaya, bayan sun rabu, ta samu ƙanena ta ce a daren da abin ya faru mijinta ya shigo gida ba hula, da jini a kayansa, ya sa ta wanke su. Tun daga ranar ƙanena ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya ce yanzu akwai gwajin DNA, wato na ƙwayar halitta, a ɗauko hular da rigar a kai a gwada, in ta kama ma a tone kabarin. Baffa ya ce tone kabari haramun ne, a bar wa Allah, kuma ba da yawunsa ba. Umma ba ta san komai ba. Ƙanena ya matsa mini in ɗauko kayan a ɓoye. Maigidana kuma ya fara cewa gidansa ya koma asibiti, yanzu kuma za a mai da shi kotu.

Anti, in Umma ta ji ta yanke jiki ta faɗi, ni na kashe ta. In muka yi shiru kuma gani nake mun ci amanar jinin Yaya. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya jiƙan Yaya ya gafarta masa, ya ba Umma sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tun kafin mu yi nisa, ki cire batun ɗauko kayan nan a ɓoye daga lissafinki, ko da ƙanenki zai yi fushi. Dalilan wasu na lafiya ne, wasu na shari'a, za ki gan su a gaba.

Tsoron da kike ji yana da tushe. A 1990 likitoci a Japan suka bayyana wani ciwo da suke kira takotsubo, inda mummunan labari ko firgici ke sa tsokar zuciya ta saki na ɗan lokaci, kuma mafi yawan masu kamuwa da shi mata ne da suka manyanta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna haɗarin bugun zuciya kan ninku har sau 21 a ranar farko da mutum ya rasa wani nasa. Don haka ba zan ce miki labari ba ya kayar da mai ciwon zuciya ba. Amma ki lura da irin labarin da ke yin hakan: na ba-zata ne, wanda ke faɗo wa mutum ba shiri. Umma ta riga ta haɗiye wannan tun 2012. Sannan ki tambayi kanki abin da ya sa ta ajiye hular. Rigar ɗanta, to, wannan kowa ya gane, uwa ce. Hular da ba tasa ba fa? Ba mai adana kayan baƙo shekara da shekaru don ƙauna. Ni dai a ganina shaida Umma ta ajiye, tana jiran ranar da za a tambaye ta. Mai yiwuwa wadda kuke ɓoye wa maganar ta fi ku duka shirin jin ta.

Abin da nake tsorar mata shi ne ta ji ta mummunar hanya: 'yar dubiya ta yi suɓul da baka, ko ta jiyo Baffa da ƙanenki suna ɗaga murya a zaure, ko ta buɗe akwati ta tarar ledar babu. Na ƙarshen nan ya fi muni, don a ranar abu biyu za su haɗe mata, an tado mata mutuwar ɗa, kuma 'yar da ke ba ta magani a baki ta shiga mata akwati. Daga ranar ba za ta ƙara yarda da "Umma ba komai" daga bakinki ba, alhali jinyar da ke gabanku doguwa ce.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba a kan abin da kimiyya ke iya yi. A 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya gano yadda ake bambance mutum da ƙwayar halittarsa, aka yi amfani da hanyar a kisan wasu 'yan mata biyu da aka yi a 1983 da 1986, har aka ɗaure Colin Pitchfork a 1988. A Landan an kashe wani matashi baƙar fata, Stephen Lawrence, a 1993, sai a Janairun 2012 aka samu mutum biyu da laifi, saboda zaruruwan tufafi da wani ɗan mitsitsin ɗigon jini da aka gano a rigar ɗayansu. A Kalifoniya an kama Joseph DeAngelo a 2018 kan kashe-kashen da ya yi tun a shekarun 1970 da 1980. Irin waɗannan ne ƙanenki yake gani jininsa ya tafasa, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai akwai abin da shirye-shiryen talabijin ba sa tsayawa a kai. A duk waɗannan shari'o'in kayan shaida suna hannun hukuma tun daga farko, a rufe, da lamba, da rubutun wanda ya karɓa da wanda ya miƙa. Duk da haka a shari'ar Lawrence babban makamin lauyoyin masu kare kai shi ne cewa kayan sun gurɓata a wajen ajiya. Ingila kuma tana da rumbun DNA na ƙasa tun 1995, inda ake zuba sakamako a nemi wanda ya dace da shi. Mu a nan ba mu kai can ba, ko da yake jihar Legas ta buɗe cibiyarta ta gwajin DNA da binciken laifuka a 2017.

To dawo kan hularku. Hula wuri ne mai kyau na samun DNA, don gumi da gashi da ɓurɓushin fata suna maƙalewa a bakinta ta ciki. Amma zafi da laima suna lalata shi, leda kuma tana riƙe laima, ga damina fiye da goma sun wuce ta kanta. Baffa ya taɓa ta, Umma ta taɓa ta, kuma an ƙulle ta wuri ɗaya da riga mai jini. Ko an yi sa'a an samu wani abu, sakamakon ba suna yake fitarwa ba. Sai an samo samfur daga jikin wanda ake zargi an kwatanta, wannan kuma aikin 'yan sanda da kotu ne, ba na ɗan'uwan mamaci ba. In ma ya dace, abin da ya tabbatar shi ne mutumin ya taɓa sa hular, shi ke nan. Abokin Yaya ne, yana iya cewa aronta Yaya ya yi. Abin da zai ɗaure hular da wurin kisan shi ne bakin wanda ya ɗauko ta, wato Baffa. Kin ga ke nan mutumin da ƙanenki ke sa-in-sa da shi shi ne shaidan da ba za a yi ba sai da shi. Rigar kuwa, jinin da ke jikinta kusan duka na Yaya ne, sai in maharin shi ma ya ji rauni a wurin.

Saboda haka in ƙanenki ya sunkuci kayan nan ya kai wani ɗakin gwaji da kansa, irin masu gwajin uba da ɗa, ya kashe su a matsayin shaida. Gwajin kan cinye ɗan abin da ya rage, kuma kowane lauya zai tambaye shi wa ya san abin da ya yi da hular a hanya. A bar ledar inda take. Kada a buɗe, kada a shanya, kada a wanke. Ranar da za ta fita daga akwatin, jami'in bincike ne zai karɓa da safar hannu, a gaban lauyanku, a ɗauki hoto, a raba hular da rigar, a ba ku takardar karɓa.

Batun kabari kuwa, Baffa ya fi kusa da gaskiya. Asalin hukuncin shi ne hani, don alfarmar mamaci. Hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Malamai sun yi rangwame in akwai larura, kuma an ruwaito Jabir ɗan Abdullahi ya ciro mahaifinsa bayan wata shida da binne shi a Uhudu ya sauya masa kabari. Amma ina larurar a nan? An yi wa Yaya wanka, an sa shi a likkafani, ƙasa ta yi aikinta sama da shekara goma. Ƙashi zai faɗi wane ne mamacin, zai nuna inda makami ya sauka, duka biyun kuma kun riga kun sani. Ba zai faɗi hannun wa ya riƙe makamin ba. Ki tuna wa ƙanenki da mawaƙin nan Mohbad da ya rasu a Legas a Satumbar 2023: kwana tara kacal tsakanin rasuwarsa da tono shi, amma likitan da ya duba gawar ya shaida wa kotu bai iya tantance musabbabin mutuwar ba saboda ruɓewa. Kuma ko da kuna so, tone kabari ba shawarar dangi ba ce, sai da umarnin kotu. A ajiye wannan maganar gaba ɗaya, a je a faɗa wa Baffa an ajiye ta. Zai fi sauƙin sauraron sauran in ya ji an karɓi tasa.

Inda ƙarfin maganarku yake shi ne bakin matar nan, kuma nan ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. Tana iya zama mai gaskiya da abin ya daɗe yana ci mata rai, sai da igiyar aure ta tsinke bakinta ya buɗe. Tana kuma iya zama mai jin zafin saki da ta san inda za ta soka. Ba ke za ki tantance ba, ba kuma ƙanenki ba, amma akwai abu ɗaya da za ku iya kiyayewa: kada kowa ya nuna mata hular, kada kowa ya siffanta mata ita. In ta iya faɗin launinta da irin ɗinkinta da kanta a gaban mai bincike, kafin ta gan ta, wannan ya fi rabin abin da ɗakin gwaji zai ba ku. In an riga an nuna mata, an zubar da wannan damar. Lauya zai kuma raba abin da ta gani da idonta da abin da mijin ya faɗa mata, don dokar shaida ta ba maganar da ta gudana tsakanin ma'aurata wata kariya. Ku tuna ita ma tana cikin haɗari. In sunanta ya fita kafin a rubuta bayaninta, ana iya tsorata ta ta janye, ko abin ya wuce haka.

Shi ma wanda ake zargin yana da haƙƙi, komai zafin da kuke ji. A waccan shari'ar ta Lesta, aikin farko da DNA ya yi shi ne wanke wani saurayi ɗan shekara 17 da har ya amsa laifin da bai yi ba. Ki ja kunnen ƙanenki: ba rubutu a Facebook, ba habaici a TikTok, ba zuwa ƙofar gidan mutum da abokai. Ayar da ta ba waliyyin wanda aka kashe da zalunci iko, a Suratul Isra'i, ita ce kuma ta hana shi wuce gona da iri. Umma ta rasa ɗa ɗaya a bayan gari, kada ta rasa na biyu a kurkuku.

Hanyar da zai bi a bayyane take. Laifin kisa ba ya tsufa a dokar Nijeriya, sashe na 221 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa ya tanadi hukuncinsa, kuma tunda ba a taɓa gurfanar da kowa ba, babu abin da ya rufe ƙofa. Ya nemi lauya tukuna. In kuɗi ya yi ƙaranci akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, duk za su iya nuna masa hanya. Lauyan ya rubuta koke ga Kwamishinan 'Yan Sandan jiharku, a ba Antoni Janar na jiha kwafi, a nemi sashen binciken manyan laifuka ya ɗauko tsohon fayil ya kuma rubuta bayanin matar. Kafin nan ƙanenki ya tattara abin da ke gida: rasiɗin babur da lambar injinsa, takardar asibiti in an bayar, sunan jami'in da ya riƙe binciken, da sunayen waɗanda suka fara ganin gawar. Babur da aka sace wani ne ya saye shi, kuma sau da yawa ta nan zare ke warwarewa. Kada ya sa rai da bayanan kiran waya, don dokar laifukan intanet ta 2015 shekara biyu kawai ta wajabta wa kamfanoni su adana su. Ki lura duk wannan ba ya buƙatar a taɓa akwatin Umma. Ana iya yin watanni ana wannan aikin hular na inda take.

Gaskiyar da zan faɗa muku ita ce abin zai ci kuɗi, zai ci shekaru, fayil ɗin ma ana iya nema a rasa, kuma yana yiwuwa a ƙare ba a hukunta kowa ba. Akwai kuma abin da ya kamata ku sani kafin a sa hannu a takarda: in gwamnati ta shigar da ƙarar kisa a babbar kotu, shari'ar ta zama tata, ba lallai ne yafiyarku ta tsayar da ita ba. Don haka a zauna tukuna. Jinin Yaya ba na ƙanenki ba ne shi kaɗai, ba kuma na Baffa ba. Akwai yaron nan, wanda shi ne ya fi kowa kusa da haƙƙin, kuma in magana ta kai ga diyya dukiyar magada ce, maraya na da kaso mafi tsoka a ciki. Uwarsa ta cancanci a sanar da ita cikin mutunci, ta hanyar da ba za ta girgiza mata aure ba. "A bar wa Allah" magana ce ta manya, Alƙur'ani ma ya buɗe ƙofar afuwa a ayar ƙisasi ta Suratul Baƙara, amma mai haƙƙi ne ke yafewa, bayan ya san abin da yake yafewa. Ku samu malami masanin fiƙihu wanda Baffa ke ganin girmansa, ya fayyace muku wa ke da ta cewa da kuma matsayin yaron da bai gama girma ba. Abin da Baffa ba zai ji daga bakin ɗan ƙaninsa ba zai ji shi daga bakin malam. Wataƙila ma ba taurin kai ke damunsa ba, tsoro ne: shi ya ɗauko hular bai kai ta ga hukuma ba, yana iya ganin za a juyo kansa. A kwantar masa da hankali, a kuma rubuta bayaninsa da wuri tunda shekaru sun ja.

Yanzu ga naki fagen, wanda ni a wurina shi ne ya fi gaggawa. Abin da ke mayar da masu wannan ciwon gadon asibiti yawanci ba labari ba ne. Gishiri ne, da tsallake magani, da hawan jinin da ya ƙi sauka, da mura ko zazzaɓin da aka raina, da ƙwayoyin kemis. Zuciya mai rauni kamar injin ban-ruwa ne da ƙarfinsa ya ragu, ruwan da ya kasa turawa gaba sai ya koma baya ya kwanta a ƙafa da ciki da huhu. Shi ya sa sikeli ya fi ido saurin gano matsala. Ki auna ta kowace safiya bayan ta yi fitsari, kafin karin kumallo, ki rubuta a littafi. In ta ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ba ƙiba ba, a tuntuɓi likita ranar, kada a jira ranar kati. Haka in filon da take jingina da shi ya ƙaru, ko ta fara farkawa cikin dare tana neman iska.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ba a gani. Dunƙulen miya gishiri ne, haka yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda da garin da ke cikinta, da kifin gwangwani. Kanwa ma 'yar gidansu ce, don haka a rage ta a miyar kuka da wake da ɗanwake, kunun kanwa kuma a yafe shi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciya a wurin masu jego suna alaƙanta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. Ki ɗebi nata a tukunya kafin ki sa wa sauran gida, ki ƙara mata daddawa da albasa da tafarnuwa da citta don abincin ya shiga. Gishirin nan da ake tallatawa wai na masu hawan jini, kada ki saya sai kin tambayi likita, don sinadarin fotasiyam ne a ciki, kuma yana iya yin yawa a jinin mai shan magungunan zuciya irin su spironolactone ko lisinopril. Ruwan sha ma likita ne zai ce a taƙaita ko a bari. Wasu akan tsayar musu a lita ɗaya da rabi zuwa biyu, amma kada ki rage mata da kanki, balle a zafin bazara.

Maganinta kada ya yanke ko na kwana ɗaya, ko da ta ce ta ji sauƙi. Mai sa fitsarin, furosemide, a ba ta da safe don ta samu barci. Tsofaffinmu da ciwon gwiwa ba a raba su, kuma diclofenac da ibuprofen da piroxicam da haɗin nan na gajiya da ake ƙullowa a kemis duk suna riƙe ruwa a jiki suna taɓa ƙoda, don haka ki sa ido a kan abin da 'yan dubiya ke kawowa, har da jiƙe-jiƙe. A riƙa gwajin ƙoda da na sinadaran jini a kan lokaci. Ta yi sallarta a zaune in tsayuwa na sa ta haki, azumi kuma sai da izinin likita. Ta ɗan taka a tsakar gida gwargwadon iko, kwanciya wuni guda ba gata ba ne. In kika ga numfashi ya gagara tana zaune ba ta yi komai ba, ko tari mai kumfa ruwan hoda, ko ciwon ƙirji, ko suma, ko ta rikice ba ta gane mutane, wannan na gaggawa ne, a tafi da ita a zaune ba a kwance ba. Ki kuma lura da yanayinta: kusan ɗaya cikin biyar na masu wannan ciwon suna fama da ciwon damuwa, kuma mai damuwa shi ke fara sakaci da magani.

Game da faɗa mata, ki fara da likitanta. Ki keɓe da shi ki ce akwai magana mai nauyi ta iyali, yaushe jikinta zai ɗauka. In ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba, ko nauyinta na hawa da sauka, a dakata. Idan ta samu makonni a daidaice, ki zaɓi hantsi, bayan ta ci ta sha magani, ba da dare ba. Ku kasance ku biyu, ke da wanda take jin daɗin zama da shi, ba taro ba, kuma ba ƙanenki ba in bai iya riƙe muryarsa. Kada ki fara da labari, ki fara da neman izini: "Umma, in wata magana ta taso a kan Yaya, kina so mu faɗa miki, ko mu ji da ita?" Sai ki yi shiru ki saurara. In ta ce faɗa mini, ki ba ta kaɗan, cewa wata ta zo da magana kuma an sa lauya yana dubawa. Suna ya jira sai ta tambaya, in ta tambaya kuma ki ce zargi ne ba a tabbatar ba. In ta ce ba ta son ji, kin samu amsarki, ki rufe bakinki ba tare da kin yi mata ƙarya ba, binciken ya ci gaba ta ɓangaren matar da fayil. In kuma ta ce ta yafe, a bar maganar, kuma ba za ta ba da hular ba, wannan ra'ayi ne mai nauyi da za a kai gaban malamin nan a auna shi da haƙƙin yaron. Ba za a tsallake shi ta ƙasan akwati ba.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da nake so ki daina faɗa wa kanki, wato "ni na kashe ta". Raunin zuciya ciwo ne da ake lallaɓawa, yana lafawa yana tashi, kuma yana iya tashi a ranar da ba a faɗa mata komai ba. In kin nemi shawarar likita, kin zaɓi lokaci, kin nemi izininta, to kin yi abin da ake nema a wurin 'ya. Ajali ba a bakinki yake ba.

Maigidanki kuma kada ki ɗauki maganarsa da zafi. Mutumin da ya buɗe wa surukarsa gida ya yi abin a gode masa, kuma ƙorafinsa na da kan gado. Ki yi masa alkawarin cewa ba lauya, ba ɗan sanda, ba zaman dangi a gidansa, duk a yi a gidan Baffa, kuma ki cika. Sannan jinyar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya mai aji da 'ya'ya uku. A raba kwana da kuɗin magani tsakanin 'yan'uwa, a rubuta wa ke da wace rana. Ƙanenki na da ƙarfi da zafin nama, a ba shi rabonsa a nan ma. Ranar asibiti mai zuwa ku tafi tare, ke ki shiga ki yi maganar da likita, shi kuma ya bi layin kati da na karɓar magani, ya biya na watan.